Murmushin Evaristo

Sau huɗu Evaristo Condori yana kai moɗar ruwa bakinsa, sau huɗu ana daka masa tsawa ya sauke.

"Ba yanzu ba!" in ji Don Amancio, mai ɗaukar majigi, daga bayan na'urarsa. "Sai na fara juya hannun na'urar nan. Kuma ka saki fuska mana, sai ka ce wanda aka aiko wa da mutuwa!"

Rana ta take a dajin Chaco, inda ake gwabza yaƙi. Rabon Evaristo da ruwa tun jiya da hantsi, ga shi yanzu a hannunsa, har yana jin ƙanshin tsatsar moɗar.

Ramin yaƙin da suke ciki, su goma sha biyu suka haƙa shi shekaranjiya. An share shi tas, an jera buhunan ƙasa, har da jitar kiɗa a rataye. Ramin da Evaristo ya sani daban ne: kwarkwata, gudawa, ƙudaje a kan rauni, mutum ya yi fitsari a gwangwani ya runtse ido ya shanye. Amma wannan ba zai shiga majigi ba. Mutanen birni so suke su ga sojojinsu a ƙoshe.

Da safe Saja Benítez ya bi layi yana matsa kumatun mutane kamar mai sayen akuya, ya ware masu sauran tsoka. Aka ba su sabon kaki da bindigogi marasa harsashi. Ya ɗaga gorar ruwa sama, ya nuna musu da hannu: duk wanda ya yi abin kirki, cike za a ba shi.

Gorar nan Evaristo yake so. Nicanor, ɗan garinsu da suka yi haƙar kuza tare, kwanansa uku kwance a gindin itace, zazzaɓi na cinsa, harshe ya kumbura.

"Kada ka je, ɗan'uwa," Nicanor ya ce da ƙyar da ya ga kakin. "In aka gani a gida, da wane ido za ka dubi tsohuwarka?"

"Rayu tukuna, sai ka zage ni da kyau."

Na'ura ta fara ƙara. Evaristo ya sha, ya yi dariya har leɓensa ya tsage. Aka miƙa masa jitar da bai iya kaɗawa ba.

"Yi waƙa!" in ji Don Amancio. "Faɗi duk abin da ka ga dama. Majigin ba ya magana, ba mai jin irin harshenka."

Evaristo ya dubi na'urar, baki har kunne, yana ta maimaita, "Nicanor, jira ni. Don Allah jira ni."

Saura tuta. Aka ce ya durƙusa ya sumbace ta. Nan ya tsaya cak. Sojojin da ke tsaye bayan Don Amancio suka gyara riƙon bindigoginsu. Saja ya karkata gorar, ruwa ya fara ɗiga a ƙasa, ƙasa na shanyewa nan take.

Evaristo ya zube a kan gwiwoyinsa. Ya kai tutar bakinsa, hawaye suka ɓalle masa.

"Madalla!" Don Amancio ya yi tsalle. "Kishin ƙasa ke nan! Iyaye mata za su jiƙa kujeru da kuka."

Aka ba shi gorar, ta ɗan haura rabi. Ya rungume ta ya zura da gudu. Daga nesa ya hango hannun Nicanor yana korar ƙuda, sai ya ji ƙafafunsa sun ƙara ƙarfi. A bakin shinge Saja ya fizgo wuyan rigarsa.

"Tuɓe!"

Evaristo ya tuɓe ya mai da tsummansa. Saja ya buɗe ƙofar waya mai ƙaya, ya tura shi cikin 'yan'uwansa fursunonin yaƙi, sannan ya ninke kakin da Evaristo ya yi wata biyu yana harbin masu sanye da irinsa.