Maganin Firgitar Iya

"Saiwar nan taka ba ta aiki!" Hamid ya dangwarar da ƙullin baleriyan, saiwar kwantar da hankali, gaban mai magani. "Tun da aka kashe ƙanena Mikail, ko ƙofa aka buga sai Iya ta zabura."

"Tana sha kuwa?"

"Da hannuna nake dafa mata!"

Ya koma unguwarsu, Wulari, yana huci. Ya sake dafawa, warin ya cika gida, ya miƙa wa Iya. Wannan karon ya laɓe a zaure. Sai ga ta ta fito, kofin a ƙarƙashin mayafi. Ya bi ta.

Gidan Ya Falmata ta shiga, uwar yaron da ya shiga Boko Haram ya nuna musu Mikail. Unguwa duk ta daina gaishe ta.

Daga bakin ƙofa ya ga Iya tana riƙe mata kofin a baki.

"Iya! Ita kike ba?"

Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Rage murya, Hamid. Ni na san inda nawa ɗan yake kwance. Ita har yau ba ta sani ba."