Tsingaro a Cikin Randa

Masu ba da labarin maginan tukwanen nan biyu sukan ce babbar cikinsu muguwa ce, maƙaryaciya. Kuskure ne, kuma wanda ya ɗauke shi haka bai koyi komai ba. Mace ce mai tsoron Allah, ba ta taɓa sayar da tulu mai tsaga ta ɓoye aibinsa ba. Shekara talatin randarta ce ke kusurwar ɗakin kowace mace a garin. Sai wata ƙaramar maginiya ta taso daga wani gari ta zauna a unguwar, wadda takan daka tsingaron fasassun tukwane ta cuɗa da yumɓu kafin ta fara gini. Babbar ta ga haka tun shekarar farko. Har ma ita ce ke tara mata tukwanenta da suka fashe, tana cewa gara a amfana da su da a zubar. A shekara ta uku masu saye suka fara wuce rumfarta. Tana zaune tana kallo su ƙwanƙwasa randar ƙaramar, su saurari amonta, su ɗauka ba dogon ciniki. Ranar da ƙanwar mijinta ta wuce ta gabanta da randar ƙaramar a ka, tana kawar da fuska, a ranar ce tsingaro ya zama algus a idonta. Ta ce ai tsohon abu ake sayar wa bayin Allah da sunan sabo. Ta yi ta faɗa wa zuciyarta har ta gaskata, ta faɗa wa maƙwabta da hawaye na gaske, sannan ta kai ƙara wurin dattijuwar da ke shugabantar magina, ta nemi a hana ƙaramar ramin gasa tukwane. Ramin kuwa ɗaya ne a garin; wadda aka hana shi, sana'arta ta mutu.

Dattijuwar ba ta yi gardama da kowa ba. Ta sa kowacce ta kawo randa ɗaya, aka fasa su a gaban magina. A ɓallin ta ƙaramar aka ga jajayen ƙwayoyin tsingaro, kamar yadda aka yi ƙara. A ɓallin ta babbar kuwa sai ƙananan ramuka baƙaƙe, gurbin busasshen kashin jaki da takan cuɗa da yumɓu don kada ya tsage a wuta. Dattijuwar ta tambayi babbar ko ta taɓa gaya wa mai saye abin da ke jikin randar da zai sha ruwa a cikinta. Ta ce wannan ai gado ne, haka uwarta ta koya mata, kuma wuta tana cinye shi. Dattijuwar ta ce, “Ita ma daga uwarta ta koya. Tsingaron da kika kawo ƙara a kansa kuwa, 'yar'uwa, da hannunki kika ba ta.” Babbar ta durƙusa ta tattara ɓallayen randarta a gefen zane. Ƙaramar ta ci gaba da gasa tukwanenta a ramin.

Tsingaron bai sauya ba a cikin shekaru ukun nan. Rumfar da masu saye ke tsayawa ce ta sauya. Gaskiyar Hausawa da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin ka kira aikin wani laifi, ka binciki ranar da ka fara ganinsa laifi, da abin da ka rasa a wannan rana.