Kabarin Kamu Ɗaya

Tunda aka kwaso mu da shanunmu zuwa tsibirin nan, doka ɗaya ce: kada a haƙa ƙasa fiye da kamu ɗaya, wai wuta ce kwance a can ciki. Baƙin yumɓu ne mai danƙo, har takalmi yake ƙwace wa mutum, amma ciyawa har ƙugu.

Yau Malam, maigidana, ya dawo kiwo jiki a sanyaye.

"Tasalla, ramin kamu ɗaya ai ba sutura ba ne. Haka za ku rufe ni?"

Na dafa ƙasar, ɗumi kamar gindin murhu.

"Haba Malam, tun aurenmu kake kukan sanyin ƙafa, kana janye min bargo. Ga ɗumi kyauta. Kai dai in ka riga ni, ka matsa ka bar min gefe."