Katafila a Ƙofar Mama Rifkatu

"Kwashe tarkacenki, tsohuwa! Ginin nan ba shi da izini," in ji Oga Hammanjoda, jami'in tsara gari, yana nuna jan fentin da aka shafa wa katangarta a unguwar Nukkai da ke Jalingo.

Mama Rifkatu ta tare bakin ƙofa, riƙe da taɓarya. "Izinin wa? Mijina ne ya sare dajin nan, tun Jalingo ba ta yi mafarkin zama babban birnin jiha ba. Allah ya isa tsakanina da ku!"

"Je ki kai ƙara wurin gwamnan soja." Ya ɗaga wa direban katafila hannu. "Kai, tura!"

Katafila ta matso, sai aka ji injin ya yi shiru. Direban ya sauko, idonsa jawur, ya miƙa wa Oga makulli.

"Oga, ba zan iya ba."

"To, a bakin aikinka!"

Mama Rifkatu ta yar da taɓaryar, ta fizge makullin, ta danƙa wa direban.

"Hau ka rushe, Timoti ɗana. In sun kore ka, mun rasa gida, mun rasa tuwo. Ka dai kauce wa kabarin ubanka."