Katin da Ke Zuwa Daga Birmingham

Ranar da 'yan Sin suka dawo da ƙasa daga bayan wata, Injiniya Sanda bai ci abincin rana ba. Wai don baƙin ciki, ya ce, domin ya san abin da ke tafe.

Abin da ke tafe kati ne. Duk sanda Sin ta harba roka, bayan kwana biyu ko uku sai kati ya faɗo ta ƙofar flat ɗinsa a unguwar Longsight, da hatimin Birmingham, daga Halliru. Tare suka karanta injiniyanci a Manchester shekara talatin da suka wuce, da niyyar komawa gida su ƙera roka. Ba wanda ya koma. Sanda ya ƙare a wani sito a Cheetham Hill yana tuƙa motar ɗaga kaya, amma har yau wanda bai ce masa Injiniya ba, ba a amsa masa sallama da kyau.

Shi Bakano ne, Halliru Bazazzagi, don haka tsokana a tsakaninsu dole ce. Da suka rasa rokar kansu sai suka raba na mutane: Sanda ya ɗauki Indiya, Halliru ya ɗauki Sin.

Duk Juma'a bayan masallaci Sanda kan zauna a wani shagon shayi kan titin Stockport, gemu ya sha baƙin rini, ya fito da katin. Ɗaliban gida da suka zo karatu su kewaye shi. Su irin masu zuwa ne su tafi, bana wasu, baɗi wasu, kuma babu wanda ya taɓa ganin Halliru a cikinsu. Amma sun haddace shi. Sun san “Bawana Sanda” da yake buɗe kowane kati da shi, sun san rubutunsa da ya karkace shekara biyun nan, wanda Sanda ya ce tsufa ne da mugun hali.

“Ku ji wulaƙanci,” Sanda zai ce, hannu a ƙirji. “Ni, da first class ɗina! Bara da Indiya ta sauka a wata, mutumin nan cewa ya yi wai sun je ɗebo masa yaji.”

A yi ta dariya, a ƙaro masa shayi. Awa biyu cur ana sauraronsa. Sauran kwana shidan kuwa daga sito sai flat, sai wayar 'yarsa Hana daga Landan in ta tuna, minti uku, da Turanci.

A Juma'ar wannan makon ne Malam Abdurrahim, wani malamin jami'a daga gida da ke digiri na uku, ya ajiye kofinsa.

“Injiniya, supervisor ɗina, mai duba aikina, ya koma Birmingham, ni ma can zan bi shi. A ba ni adireshin Baffa Halliru in je in gaishe shi.”

“Ba ya son baƙi.”

“To lambar waya.”

“Ba ya ɗauka. Bazazzagi ne fa.”

Aka yi dariya, ban da Abdurrahim. Ya ce ba komai, Small Heath, unguwar da Injiniya ya sha cewa Halliru na zaune, ba ta da girma, zai tambaya a masallatai. Sanda ya daɗe yana juya cokali a kofin da babu sukari. Idan mutumin nan ya fara tambaya, hirar Juma'a ta ƙare.

Asabar da safe ya sa babbar rigarsa ta shadda a ƙarƙashin kwat, ya hau motar Birmingham. Ya tsaya wani kanti kusa da tasha ya yi ƙaramar sayayya, ya sa a aljihu. A Small Heath ya bi ta gaban gidan Halliru. An sake labule, an sake fentin ƙofa. Bai ƙwanƙwasa ba, ya san ba nan zai same shi ba. Ya hau wata bas.

Ya same shi inda ya bar shi. Ya yi sallama, ya shimfiɗa jarida ya zauna gefensa.

“To, ka ji daɗi. Mutanenka sun kwaso ƙasa. Tafiyar kwana hamsin, su dawo da ƙasa, kamar ba mu da ita a Kano.”

Halliru bai tanka ba. Iska ta ɗaga gefen jaridar, Sanda ya danne da gwiwa.

“Ka bar ni ina ta jiran gori, ni kaɗai. Ko kunya babu. Kuma ga wani zai zo nemanka, mai nacin tsiya.” Ya gyara hula. “Cewa za ka yi ka tashi daga Small Heath, kada a turo maka kowa. Ai ba ƙarya ba ce.”

Ya yi addu'ar da ya saba yi, ya shafa. Ya share busassun ganyen da suka rufe allon kabarin, sannan ya ciro sabon katin daga aljihu ya ɗora a cinya. Ya mayar da biro hannun hagu, don marigayin bahago ne, ya fara a hankali: Bawana Sanda.