Mai Shaidar Ɗakin Sikh

Tun da aka kafa dokar cewa duk kayan tarihin da ba su da mai shaida a raye za a lalata su a maye gurbinsu da hoton haske, hankalin Balaraba bai kwanta ba. Ita ke kula da ɗakin kayan mabiya addinin Sikh na ƙasar Indiya a wani gidan tarihi a Kano, kuma yau wa'adin ɗakin ya cika. Sauran ɗakunan duk sun koma haske, ko ƙamshin tsohon itace babu.

Da hantsi sai ga wata tsohuwa mabiyar addinin daga Jos, Surjit Kaur, tana dogara sanda. Ta wuce zane-zanen, ta tsaya gaban wani awarwaron ƙarfe.

"Irin na kakana ne, ma'aikacin reluwe," ta ce da Hausa tsantsa. "Ko wanka zai yi ba ya cire shi."

Jami'in gwamnatin da aka turo don zartar da dokar ya tambaye ta, "Kin shaida ɗakin gaba ɗaya?"

"Na shaida."

Ya buga hatimi ya fita. Balaraba ta durƙusa ta kama hannunta. "Mama, na gode. Allah ya ja kwana."

Tsohuwar ta yi dariya. "Amin, 'yata. Ki dage da wannan addu'ar, don ni kaɗai na rage."