Hujin Da Ya Ƙi Toshewa

Maitama ya tura kansa ƙarƙashin sitiyari ya ƙirga. Huji bakwai. Jiya da la'asar biyu ya bari.

Motar tsohuwar Fijo ce a-kori-kura, irin wadda aka daina gani a titi. Tsakanin inji da mazaunin direba akwai bangon ƙarfe, shi ke tare zafi da hayaƙi. Duk wanda ya taɓa riƙe mota sai ya huda bangon nan, wannan don wayar rediyo, wancan don igiyar hon. In wayoyin sun mutu, kafofin su zauna, hayaƙi ya riƙa shiga idon direba. Aikin da aka kawo Maitama ya yi ke nan, ya toshe su. Aikin yini ɗaya ne ga wanda ya shekara arba'in yana gyaran jikin mota.

Bai san kwana nawa ya yi a gidan ba. Ya dai san unguwar Gwarinpa ce a Abuja, katanga doguwa da waya a kanta, get ɗin ƙarfe kullum da kwaɗo.

Matar gidan ta fito da shayi. Hajiya yake ce mata, bai taɓa tambayar sunanta ba. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, abin da matan Abuja ba su yi wa lebura. Shayin babu madara, citta ta ji, daidai bakinsa.

"Hajiya, yaushe za a kai ni gida?"

"Da ka gama, Baba."

Kullum amsar ke nan. Shi kuwa ya bar matarsa Fadima a Karshi, ga ciwon ƙafa, ga ba mai ɗebo mata ruwa. Ce mata ya yi yanzu zai dawo.

Ya nemi a kawo masa gas ya yi walda, rabin yini ya gama. Hajiya ta hana, wai ba a kunna wuta a gidanta. Sai almakashin ƙarfe, da noti, da fila ta shafe faci. Haka yake yanka faci, ya ɗaure, ya shafe, ya goge da samfefa, kwance a rigingine a wurin da ko akuya ba za ta juya ba. Bayansa ya sage. Gumi na zuba masa a kunne.

Motar dai ba ta yi masa gardama. Hannunsa na zuwa kan kowane noti tun kafin ido ya gani. Wanda ya yi tsohuwar waldar da ke gefen birki ya san aiki, har Maitama ya yaba masa a zuci.

Da azahar ya je bakin get. Bartholomew mai gadi ya miƙe, ƙato ne, ya tare ƙofa yana murmushi.

"Baba, ina zuwa kuma? Madam ya ce babu fita."

"Ni fursuna ne?"

"Haba, Baba. Kai ne babban oga a nan."

Maitama ya yi tsaki ya koma. Ba a ja da mai mabuɗi.

Ranar ya yi aiki kamar zai kashe kansa. Kafin magariba ya toshe bakwai ɗin duka. Ya haska tocila ta cikin inji, ko ɗigon haske bai ratso ba. Ya ce a kira Hajiya ta gani. Aka ce ta fita, sai da safe.

Da safe huji biyar.

Ya sa yatsa a ɗaya. Bakin ƙarfen fari tas, da kaifi, babu tsatsa. A kan tabarmar ƙafa ga garin ƙarfe yana ƙyalli. Tsufa bai yi wannan hujin ba. Hannun mutum ne.

Bai ce wa kowa komai ba. Ya san halin kansa kwanan nan, magana na zame masa kafin a jima, don haka ya ɗauki alli ya rubuta a murfin akwatin kayan aikinsa: A KAMA MAI HUJI. Ya toshe biyar ɗin. Ya ci tuwo. Washegari yana idar da sallar asuba ya ga rubutun, ya lallaɓa ya hau bayan motar, ya ja tamfol ya rufa, sifana a hannu.

Gari ya fara haske. Ya ji takun mutum biyu. Aka ɗaga bonet a hankali, irin ɗagawar marar gaskiya. Ta yagar tamfol ya hango Bartholomew riƙe da injin huda ƙarfe, Hajiya na tsaye a gefensa da mayafin sallarta.

Maitama ya damƙe sifana.

"Madam, yau guda nawa?" in ji Bartholomew.

"Uku sun isa, Baba ya fara gajiya." Ta goge ido da bakin mayafi. "Amma kada ka kuskura ka bar shi babu ko ɗaya. Ran da mahaifina ya ga aikin motarsa ya ƙare, sai ya sake kama hanyar Karshi da ƙafa neman Inna, ita kuwa shekara tara ke nan da muka binne ta."